Fili a gefen inda za a kafa injinan iska: in saya ko in haƙura?

Ba'are Mazaunin Tawa: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, masu dariya don Allah su bari sai na gama. Shekara 9 ke nan ina aiki a Tawa, cikin gidan haya. Maƙwabcina na dama mai walda ne, na hagu mai injin niƙa. Na daɗe ina son ɗan wuri a daji inda zan yi ɗaki guda da rumfa, Juma'a da yamma in kwashi yara mu tafi, Lahadi bayan la'asar mu dawo. Ba noma nake so ba, hutawa ce, sai ko 'yan awaki da zabbi.

Satin da ya wuce an kai ni wani fili ta wajen kwarin Tarka, kan tudu, hekta 2, kuɗinsa miliyan 1 da jika 200. Wurin ya yi mini, kana tsaye kana hango ƙauyuka uku. Sai dillalin ya ce in yi sauri, wai nan kusa za a kafa injinan nan masu farfela da ke ba da wuta da iska, har ya nuna mini wani dogon ƙarfe daga nesa, ya ce na awon iska ne. Shi don ya kwaɗaita mini ya faɗa, ni kuma maganar ce ta sa jikina ya yi sanyi. Na gudu daga injin niƙa in faɗa ƙarƙashin wanda ya fi shi? Wanda ya san abin nan ya taimaka.

Jikan Arɗo: Ba'are da filin hutawa! Bawana, yaushe ka gama yi mini aiki har kake neman wurin miƙe ƙafa? Bari manya su yi magana, ina zuwa da tawa.

Ba'are Mazaunin Tawa: Ka ji Bafillace. Kai da ba ka taɓa kwana biyu wuri guda ba, me ka sani game da fili?

Injiniya Mai Fanno: Wa alaikumus salam Yaya. Aikin da dillalin ke nufi gaskiya ne akwai maganarsa. A watan Maris na 2022 gwamnati ta sa hannu da kamfanin Savannah Energy na Ingila kan tashar iska ta Tarka, a jihar Tawa, mai ƙarfin da zai iya kai megawat 250, da injina har 60. Amma sa hannu daban, gini daban. Har yanzu farfela ko guda ba ta juya ba.

Kan ƙara kuwa zan faɗa maka abin da kunnena ya ji. Na je horo Senegal, aka kai mu Taiba Njai, tashar da aka buɗe a 2020, injina 46, megawat 158 da 'yan kai. Tsawon sandar kowane ya haura mita 100, reshen farfela guda ya haura mita 60. Kana gindinsa za ka ji wani "fuu, fuu" duk lokacin da reshe ya gifta, kamar ana kaɗa babbar tabarma a sama. Da muka ja baya tafiyar minti biyar zuwa shida a ƙafa, sai ya koma kamar kukan firigo a ɗakin da ke kusa. Ko kusa bai kai injin niƙa ba. Sai dai injin niƙa yana kwana, wannan kuwa in akwai iska ba ya kwana, kuma da dare daji ya yi tsit shi ne ake jin sa sosai. A Faransa doka ta hana a kafa shi ƙasa da mita 500 daga gidan mutane. Ni in nawa ne, kilomita guda zan nema.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne inuwa. Da hantsi ko gab da faɗuwar rana, in injin na tsakaninka da rana, inuwar farfela za ta riƙa wulgawa ta tagarka kamar ana kunna fitila ana kashewa. Saboda haka kada ya zamana yana gabas da kai ko yamma da kai kai tsaye. Da dare kuma akwai jar fitila a kansa saboda jiragen sama.

Maman Nafisa: To Injiniya, in yana kusa da su ai ya huta da matsalar wuta, ko? Ga uwar kuran a bayan ɗaki.

Injiniya Mai Fanno: Hajiya, nan mutane da yawa ke ruɗewa. Wutar ba ta sauka gidan maƙwabci. Ana tara ta, a ɗaga ƙarfinta, a saka ta manyan wayoyi su tafi da ita birane. Kana iya zama gindin injin kana haska tocila. Yaya dai fanno na hasken rana zai saya ko ana ha-maza ha-mata, kuma ya san inda shagona yake.

Ɗan Katsina a Ƙonni: Malam, kada maganar injin ta hana ka barci, kada kuma ta sa ka ƙara ko dala. Mu muna da namu a Lambar Rimi, injina 37, megawat 10 kacal. Tun marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna aka fara zancen, yaran da aka haifa lokacin sai da suka shiga sakandare ana cewa an kusa. Irin wannan aiki yana da ranar farawa a takarda, ranar gamawa sai Allah.

Ɗan Adar Na Asali: A'a Ɗan Katsina, kada ka yi mamu baki. Mun ga abin da ya faru a 2023 da anka yanke wutar da ke zo mamu daga wajenku, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na abin da muke sha. Mun kwana waje, mun zubar da abin firigo. Ga Malbaza da megawat 7 na rana tun 2018, ga Goru Banda da 30 a Yamai. In ta iska ta zo, marhaban. Ni abin da ke ba ni dariya, iyayenmu a kwarin Majiya tun 1975 suke dasa layukan dogon yaro don su tare iskar ga, tana kwashe masu ƙasa tana binne shuka. Yau ga ta za ta zama kuɗi.

Ɗan Katsina a Ƙonni: Ban ce kada ta zo ba, Alhaji. Cewa na yi kada a yi cinikin biri a sama.

Alhaji Mai Siminti: Ni dai ina ganin dama ce. Ka saya, ka zuba ɗaki biyu na bulo. In aikin ya biyo ta kanka su biya ka diyya, ka ci riba. In bai biyo ba kana da wurin hutawarka. Ta ina ka faɗi?

Tsohon Sakataren Kofo: Alhaji, da girmanka, wannan shawara ta sa mutane da yawa kuka. Bari in ɗan tsawaita, don na yi shekaru ina zaman irin shari'ar nan.

Diyya tana da doka, ta 61-37 ta shekarar 1961 wadda aka gyara a 2008. Ana ƙidaya, a rubuta wane ne mai wuri da abin da ke kai. Manyan ayyuka irin wannan suna tsayar da rana, duk abin da aka gina bayanta ba a biya. Kuma wanda ake biya shi ne wanda aka tabbatar wurin nasa ne. To ƙanena Ba'are, ka yi mana bayanin tudu da ƙauyuka uku da kake hangowa, amma ba ka faɗa mana abu guda ba: wa ke sayarwa, kuma ta ina wurin ya zo hannunsa?

Ba'are Mazaunin Tawa: Yaya, wani saurayi ne, ƙanen matar abokin aikina. Ya ce gonar babansu ce, ya rasu, an bar masa. Ya ce zai rubuta mini takarda da shaidu biyu.

Tsohon Sakataren Kofo: To nan maganar take, ba wajen farfela ba. "An bar masa" wa ya bar masa? An raba gado ko ba a raba ba? Kai baƙo ne a Adar, bari in gaya maka: da wuya ka shiga gida a ƙauyukan nan ba ka tarar da mutum biyu ko uku suna Abijan ko Libiya ko Kamaru wajen biɗa ba. Wanda ke gida shi ke riƙe da gona, amma riƙo ba mallaka ba ne. Ranar da babban wa ya sauka daga mota da jakarsa, ya ga ɗakinka a gonar ubansa, takardar nan ta shaidu biyu ko ƙosai ba za a naɗe maka da ita ba.

Dokar karkara, wato 93-015 ta 2 ga Maris 1993, ta ba mallakar gargajiya kariya daidai da ta takarda. Ma'ana, mutumin da ba ya da ko ƙyallen takarda, in gari ya shaida gonar kakansa ce, yana iya kayar da kai. Shi ya sa aka kafa kwamitocin ƙasa: Kofob a ƙauye ƙarƙashin mai gari, Kofokom a komin, Kofodep a departama. Hanyar ita ce ka je wurin mai gari da mai sayarwa, a kira magada, a kira masu gonakin da ke iyaka da wurin ta kowace kusurwa, a taka iyakar da ƙafa kowa na gani, sannan a cika takardar shaidar sayarwa ta Kofo, kwafi ya tafi komin da departama. Bayan nan in kana da hali ka bi ta titir fonsiye, wato takardar mallakar fili ta gwamnati. Kada ka ba da ko jika guda kafin wannan zama, ko da sunan kafin alƙalami.

Na taɓa ganin wani ma'aikaci da ya sayi wuri, ya kewaye da waya, ya yi foraj. Shekara 3 bayan haka ya zo ofishinmu da takarda rubuce da biro a bayan kwalin shayi. Mai sayarwar ya tafi Aljeriya. Magada tara ne suka zo, kowa da gaskiyarsa.

Maman Nafisa: Allah Ya saka, Baba. Amma ku maza in kun ce "magada" 'yan'uwa maza kuke ƙirgawa. Mu uku ne mata a gidanmu, yayyenmu suka sayar da gonar mahaifinmu, sai a bakin wata mai tallar fura na ji. Ban kai ƙara ba don zumunci, amma ƙanwata ta kai, kuma alƙali ya saurare ta. Mai sayen ne ya sha wahala, shi da bai ci ba bai sha ba. Malam Ba'are, ka tambayi 'yan'uwansa mata nawa ne, kuma ka ji daga bakinsu, ba daga bakin wanda zai ce "ai sun yarda" ba.

Tsohon Sakataren Kofo: Gaskiyarki ɗiyata, na karɓi gyara.

Jikan Arɗo: To yanzu wasa gefe, bawana. Tudun da kake gani ba kowa, da rani ka gan shi. Ka koma da damina. Gonaki sun rufe kwari, ina kake zaton dabbobi ke bi su hau arewa? Ta tudun nan. Fako da dutsen da manomi ya raina, nan muke sauka. Dokar makiyaya ta 2010 ta ce burtali da makiyaya da wurin saukar dabbobi na ƙasa ne, ba mai gari ba mai sayar da su. Kuma akwai iyakar noma ta arewa da aka shata tun 1961, kwarin Tarka ɗin nan da kake faɗa yana cikin abin da aka yi iyakar da shi a wasu wurare. Ka duba ko akwai turakun siminti a gefen filin. In ka gan su a jere, layi biyu, hanyarmu ce. Ka gina a ciki, wata safiya ka buɗe ƙofa ka tarar da shanu 200 suna gaishe ka.

Ko ba burtali ba ne, in an saki gonaki bayan girbi dabbobi za su shigo cin kara. Zabbinka da 'yan itatuwanka sai da shinge.

Alhaji Mai Siminti: Kun cika tsoratar da mutum. Haka za a zauna ba mai sayen komi?

Injiniya Mai Fanno: Alhaji ba tsoro ba ne. Ko manyan kamfanoni abin yana kama su. A Kenya akwai tashar tafkin Turkana, injina 365, megawat 310. Makiyayan wurin suka kai ƙara, a 2021 kotu ta ce hanyar da aka bi aka ba da takardun filin ba ta kan ƙa'ida. In masu lauyoyi sun yi tuntuɓe kan ƙasar kiwo, ina ga Yaya da albashinsa.

Ɗan Adar Na Asali: Ni tawa guda ce, kuma ba wanda ya taɓo ta: ruwa. Masu injin tudu suke nema don can iska take. Ruwa kuwa kwari yake bi. Cikin fadamar Tarka ka haƙa kaɗan ka samu, shi ya sa albasa ta cika wurin. Hau tudu ka gani, dutsi ne. Kuɗin foraj can bisa yana iya ninka kuɗin filin. Kuma iskar da kake zuwa sha, ka sha ta watan Janairu tukuna, lokacin da hunturu ke busowa daga arewa maso gabas da ƙura, ba itace ba katanga. In ka gina, ƙofa ta dubi yamma, hadarinmu daga gabas yake tasowa. Kwano kuma a ɗaure shi da waya a aza duwatsu, in ba haka ba ka tsince shi gonar wani.

Amma kada a ce fako banza ne. Wajen Illela da Badagishiri mutane sun sayi fako da arha, sunka yi tassa da rabin wata, wato ramukan tare ruwan sama, sunka zuba taki, yau hatsi suke ɗauka. Sai dai su can suke kwana, ba Juma'a zuwa Lahadi ba.

Maman Nafisa: Yauwa, wa zai tsare maka wurin sauran kwana biyar ɗin? Fanno da batir a daji ba kowa? Kuma ka tambayi uwargida ko ita ma hutun take gani, ko kuwa girki ne da itace babu famfo.

Ba'are Mazaunin Tawa: Hajiya kin taɓo inda ke ciwo. Ta riga ta ce ita da yara sai na yi makewayi mai ƙofa.

Na gode ƙwarai jama'a. Dillali ya kira ni sau huɗu yau, wai wani ɗan kasuwa daga Madawa zai kawo kuɗi gobe. Na ce masa Allah Ya sa albarka. Juma'a zan koma ba tare da shi ba, in kwana can.

Tsohon Sakataren Kofo: Ka fara da gaida mai gari, ka riƙe goro. Ka biya kuma ta ma'aikatar magajin gari ka tambayi sakataren Kofokom, in aikin iska ya shafi yankin su ne za a fara sanarwa. Ka tambayi mutanen gari lafiyar hanya kafin ka yi tafiyar dare.

Ba'are Mazaunin Tawa: Assalamu alaikum, na dawo da labari, ku yi haƙuri da tsawo.

Na isa bayan la'asar, na sauka wurin mai gari, dattijo mai fara'a. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya yi shiru, ya aika yaro ya kira wata tsohuwa. Ashe uwar saurayin ce, kuma ba ta san ana ciniki ba. Su bakwai ne wurin ubansu, maza huɗu mata uku, gado ba a raba ba. Babbansu yana Abijan shekara 6. Nan take anka aika masa saƙon murya ta WhatsApp, kafin mu gama sallar magariba amsa ta zo, mai gari ya sa a kunne na kowa. Ba zan maimaita abin da ya ce game da ƙanensa ba, amma kalmar "sayarwa" ba ta samu shiga ba.

Da safe munka taka filin da mai gari da mutum biyu. Jikan Arɗo, na ga turakunka. Guda huɗu, fentin ya koɗe, ɗaya ya karye ya kwanta cikin sabara. Kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da anka nuna mini a matsayin hekta 2 yana cikin burtali, ga kashin shanu busasshe ko'ina, ni ranar farko ban ma lura ba, ina can ina kallon ƙauyuka uku.

Dogon ƙarfen awon iska kuwa, na sa yaro ya kai ni da babur. Eriyar waya ce. Har da mai gadi yana dafa shayi, ya ce shekararsa 8 a wurin. A komin kuma sakataren ya ce ba wata takarda da ta iso masu kan filayen ƙauyen.

Ruwa daga kwari ake hawo da shi kan jakai, bido guda dala 20. Dare kuwa, jama'a, ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Na kwanta kan tabarma ƙofar zaure, ba walda ba niƙa, sai kukan jaki can nesa da iska cikin kara. Na yi barcin da rabona da shi tun ina Dogon Dutsi.

Da zan tafi tsohuwar ta sa anka kira ni. Ta ce tun da hutawa nake so ba gona ba, tana da wani ɗan gefe kusa da garkarta, ƙasan tudu, taku kaɗan daga rijiya. Ba ta sayarwa, amma za ta ba ni aro shekara 5. Sharaɗinta, ba dasa itace, ba haƙa rijiya, ba bulo. Ɗakin kara da rumfa kawai, jikanta ya riƙa duba mini ina ba shi na sabulu.

Tsohon Sakataren Kofo: Sharaɗin nata daidai yake da al'ada, mai aro ba ya dasa itace don itace shaidar mallaka ce. Amma aron ma a rubuta shi. Kofob na da takardar aro, a sa shekarun, a sa abin da za ka ɗauka in za ka tashi. Ka tabbatar kuma gefen nata ne ita kanta, ba cikin gadon yaran yake ba.

Ba'are Mazaunin Tawa: Na tambaya, Yaya. Na wajen mahaifinta ne, mai gari ya shaida. Ranar kasuwa mai zuwa za mu zauna.

Alhaji Mai Siminti: Wato ni ba za a sayi siminti wurina ba ke nan.

Maman Nafisa: Za a saya na makewayi, Alhaji, in tsohuwa ta yarda. In ba haka ba uwargida ba ta zuwa.

Jikan Arɗo: Ba'are cikin bukkar kara, a bakin burtali. Sannu a hankali dai za ka dawo gidan ubangidanka. In mun biyo da kaka a ajiye mini fura, nono ni zan kawo.

Ba'are Mazaunin Tawa: Ka kawo, amma a auna shi gabana. Injiniya, fitila uku da cajin waya da ɗan bantilate guda, fanno mai wat nawa zai ɗauka? Kuma ina son wanda zan iya cirewa in saka bayan mota ranar Lahadi.

Injiniya Mai Fanno: Mai wat 150 da batir guda ya ishe ka, in bantilaten na batir ne. Ka biyo shago gobe bayan azahar, ka zo da awon bayan motar.